Yadda Na Share Rijiyoyin Kawu

A shekarun da nake da shagon buga takardu kusa da tashar motocin Yamai, a Filingue, kwamfuta ɗaya gare ni. Mu nan ordinater muke ce mata. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, na saye ta a hannun wani mutum da ke kwaso kayan ofisoshin da suka rufe a Yamai yana sayarwa. Da ita nake buga wa mutane takardar neman aiki, da wasiƙa zuwa ga magajin gari, da katin biki, da tambayoyin jarrabawar malaman makaranta. Ranar kasuwa ba na tashi daga kujera sai don salla.

Ranar da na ɗauko ta mai sayarwar ya yi mini bayani guda ɗaya, kuma da shi na yi shekara huɗu ina cin abinci. Ya ce cikin akwatin akwai disk, wani ƙarfe mai girman sabulun wanki, shi ke riƙe da komai. Ya ce ya raba shi ɗaki biyu. Na farko sunansa C, nan sistem yake, wato abin da ke tayar da na'urar in an kunna ta. Na biyu sunansa D, nan zan riƙa zuba takardun mutane. Ya ce kada in taɓa C. Ban taɓa ba, muka zauna lafiya.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi rayuwarsa yana aikin duba rijiyoyin gwamnati a ƙauyukan Kurfey da Tondikandia. Mutum ne dogo, maras yawan magana, wanda in ya ce zai zo ƙarfe takwas, to takwas ɗin za ka ji sallamarsa. Da ya ajiye aiki sai ya ƙudura rubuta littafi a kan rijiyoyin ƙasarmu: sunan kowace, wanda ya gina ta, zurfinta gaba nawa, ruwanta na daɗi ne ko zartsi, da rigimar da aka taɓa yi a bakinta tsakanin manoma da makiyaya. Da farko a littattafan makaranta yake rubutawa. Gara ta cinye masa biyu a damina ɗaya, sai ya zo ya ce in nemo masa irin na'urata. Na haɗa shi da mutumina na Yamai, aka kawo masa ƙanwar tawa, iri ɗaya sak. Ya kwashe abin da gara ta rage ya zuba ciki da yatsa ɗaya, ya ci gaba daga nan. Bai ƙara sayen littafin rubutu ba.

Wata bazara, ana tsakiyar zafi, sai ga shi a ƙofar shago da akwatin na'urarsa a kan amalanken jaki, an lulluɓe ta da darduma. Ya ce yana cikin aiki ta yi wari, ta yi ɗan hayaƙi, ta yi shiru. Na buɗe na leƙa. Ban san abin da nake nema ba, amma warin ƙuna yana nan, kuma disk ɗin ba a jikinsa warin yake ba. Na ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, zan ciro disk ɗin in sa cikin tawa, mu kwafe littafin. Na taɓa ganin mai sayarwar ya yi haka sau ɗaya, ina tsaye a bayansa ina shan shayi.

Wurin sa disk na biyu ya matse, sai na cire wayoyin nawa don hannu ya shiga. Da na gama na mayar da su. Wayoyin biyu ne, ramukansu biyu, duk kamarsu ɗaya. Ban lura da wacce ta fito daga ina ba.

Na kunna. Na'urar ta tashi, amma ba fuskar da na sani ba ce ta bayyana. Hoton bakin wata rijiya ne, an ɗauka daga sama, da ɗan ruwa yana ƙyalli can ƙasa. A tsakiya akwai gurbi yana neman kalmar sirri. Na'urata ce, a shagona, a kan wutar da nake ja, amma da sistem ɗin Kawu ta farka.

Na ce, “Kawu, kod ɗin.”

Ya ce, “Juya bayanka.”

Na juya. Duk da haka sai da ya cire hularsa ya kife a kan hannunsa kafin ya danna. Har yau ban san kalmar ba. Na dai ƙirga ƙarar dannawa, tara ce.

Littafin yana nan a fuskar allo, cikin wata jaka mai suna Rijiyoyi. Na ɗauko kile, ɗan ƙarfen nan da ake sokawa a gefen na'ura a kwafi abu, na ce bari in zuba masa. Ya dafe hannuna. Ya ce littafinsa ba zai shiga abin da ke faɗuwa daga aljihu ba, kuma ba wanda zai buɗe jakar nan sai ya gama. Ya ce tunda ya ga yana nan lafiya, a mayar masa da ƙarfensa ya ajiye har ya samu wata na'ura.

Nan ne na yi kuskuren farko. Da na leƙa wurin da ake ganin ɗakuna, sai na ga huɗu maimakon biyu, kuma sunayen sun rikice. C ya zama na Kawu, D ma nasa. Nawa an tura su baya, an sa musu E da F. Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauka in ban gaya wa na'urar ta koma gidanta ba kafin in cire disk ɗin Kawu, za ta ɓata. Na yi ta dube-dube har na samu inda ake zaɓar ɗakin da za ta riƙa tashi daga ciki. Na zaɓi wanda na tabbata shi ne tsohon C nawa. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce eh. Duk shekarun nan eh nake ce mata, ba ta taɓa yi mini komai ba.

Na kashe, na cire disk ɗin Kawu, na sake kunnawa. Allo ya yi baƙi. Daga sama can gefe aka rubuta layi biyu da Faransanci, cewa ba a ga abin tayarwa ba, a danna maɓallai uku a sake gwadawa. Na danna maɓallan uku. Ta sake faɗin abin da ta faɗa. Na yi haka ya fi sau goma, Kawu yana zaune a benci yana kallo da ƙarfensa a cinya, ga kuma wata mata tana jiran katin sunan jikarta.

Na karɓi disk ɗinsa na mayar. Hoton rijiya ya dawo. Ya ce in juya bayana.

Haka muka shiga wani zama da ya kai wata ɗaya da ƴan kwanaki. Takardun mutane suna nan a F, ina iya kaiwa gare su, injin bugawa ma ya yarda ya yi aiki bayan wahalar yini guda. Amma ba a shiga shagon sai ta ƙofar Kawu. Kullum ƙarfe takwas zai zo, in juya baya, ya kife hula. Da farko in ya buɗe sai ya koma gida. Sai dai wutar garinmu a bazara tana ɗaukewa sau biyu, sau uku a yini, kuma duk ɗaukewa sai na rufe shago na tafi unguwarsu na kira shi. A kwana na huɗu ya zo da butarsa da dardumarsa ya ce ya ga zai fi sauƙi ya zauna.

Bayan mako ɗaya ya kawo wata doka. Ya ce tunda da sunansa na'urar ke tashi, awar farko tasa ce. Daga takwas zuwa tara yana kan kujerata yana buga littafi da yatsa ɗaya, ni ina benci tare da masu jira, ina ba su haƙuri. Daga tara zuwa yamma ni ke kan kujera, shi kuma yana tsaye a bayana yana gyara Faransancin takardun neman aiki. Ba ya ɗaga murya. Sai dai ya miƙo yatsa ya taɓa gilashin, ya bar shi nan har sai na ga kuskuren. Wani saurayi da ya zo neman aikin gadi ya fita da takardar da ko minista zai iya sa mata hannu.

Ranar kasuwa kuwa ta zama ranar girbinsa. Duk baƙauyen da ya shigo, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, Kawu zai tambaye shi daga wane gari, wace rijiya suke sha, har yanzu tana ƙafewa a bazara ko an ƙara mata zurfi. Wani dattijo Bafulatani ya zo a rubuta masa takardar cigiyar shanu biyu da suka ɓata a hanyar Baleyara. Kawu ya riƙe shi har azahar a kan wata tsohuwar rijiya da yashi ya binne. Dattijon ya tafi yana murna, ya manta takardar, sai da na bi shi tasha da ita. Washegari duk abin da aka faɗa ya shiga jakar nan da ba a buɗewa.

Na kira mutumina na Yamai. Ya bar sana'ar, ya koma sayar da faranten hasken rana. Ya ce in kawo masa na'urar ya duba in ya samu lokaci, wanda na san ma'anarsa. Ban tambayi kowa a gari ba, domin a unguwar tasha ni ne wanda ake tambaya. Mutane suna kawo mini wayoyinsu da rediyonsu. Ban ga ta yadda zan fita in ce kawuna mai yatsa ɗaya ne ke buɗe mini shago ba, ko da yake duk wanda ya shigo ya gani da idonsa.

Abin da ya ƙure ni shi ne wata rasuwa da aka yi a wani ƙauye, Kawu ya tafi kwana biyu. Ya buɗe mini na'urar da safe ya hau mota. Kafin motar ta fita gari wuta ta ɗauke. Na yi kwana biyun nan ina rubuta wa mutane wasiƙa da biro, kamar yadda ake yi a ƙofar gidan waya zamanin da.

Da ya dawo na ƙudura in gyara abin da kaina ba da saninsa ba. Na samo kile mai ɗauke da sabon sistem daga wani abokina ma'aikacin ofis, wanda ya ce abu ne mai sauƙi: ka share ɗakin da ya lalace, ka zuba sabo, takardunka na ɗayan ɗakin ba abin da zai same su. Ranar Juma'a bayan masallaci Kawu kan tafi gida ya huta. Na jira ya tafi, na tura ƙofa, na soka kile ɗin.

Aka kawo ni wurin zaɓar ɗaki. A nan babu C, babu D, babu E, babu F. Lambobi ne kawai: disk sifili ɗaki na ɗaya, ɗaki na biyu, disk ɗaya ɗaki na ɗaya, ɗaki na biyu. Girmansu ɗaya, domin mutum ɗaya ne ya raba su da hannu ɗaya. Na zauna na yi tunani, kuma ina so a san cewa na yi tunanin. Na ce na'urar tawa ce, disk ɗina ya riga zuwa da shekara huɗu, don haka shi ne na farko a lissafi, shi ne sifili. Baƙo ba ya riga mai gida. Na zaɓi disk sifili, ɗaki na ɗaya, na danna sharewa. Ta tambaya ko na tabbata.

Bai kai yadda mutum zai sha kofin ruwa ba aka gama. Na ɗaga hannu zan danna ci gaba, wuta ta ɗauke.

Na zauna cikin zafi ina fifita da kwali. A wannan zaman ne wayoyin nan biyu suka faɗo mini a rai, da ramukansu biyu masu kama ɗaya. Da wutar ta dawo bayan la'asar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na cire disk ɗin Kawu gaba ɗaya, na bar nawa shi kaɗai, na duba. Ɗakunana biyu suna nan cike, ko ƙwaya ba ta fita ba. Na cire nawa na sa nasa. Ɗakin farko fayau. Kuma duk abin da mutum ya ajiye a fuskar allo, a ɗakin farko yake zama. Wannan kam na sani.

Na kunna da nawa, baƙin allo. Na kunna da nasa, baƙin allo. Na rufe shago.

Ban nufi gidan Kawu ba, na nufi wurin mahaifiyata. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na kwashe labari tun daga amalanken jaki, ina ta bayanin C da D. Ta bar ni na gama ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Ka kashe mutum?”

Na ce a'a.

Ta ce, “To tahi ka hwaɗa mai da bakinka. Ni ba ni shiga tsakanin mutum da kawunai kan abin da ban iya gani.”

Na same shi a bayan gida yana ba wasu ƴan itacen lemo ruwa da gwangwani. Na gaishe shi, na tsuguna, na faɗa. Wannan karon ban yi bayanin haruffa ba. Na ce na share littafin da hannuna, ba wuta ba ce, ba na'ura ba ce. Ya ƙarasa zuba ruwan da ke gwangwanin a gindin itacen, a hankali, don kada ya tone ƙasa.

Ya ce, “Duka?”

Na ce duka.

“Har da Tondikandia?”

Na ce har da ita.

Ya ajiye gwangwanin a kife. Ya tambaye ni ko na ci abinci. Na ce na ci, ƙarya nake. Ya tsaya yana kallon itacen, can ya ce, “Shekara bakwai.” Ya shiga ɗaki ya saki labule. Na jima a tsugune, sannan na tashi.

Washegari ƙarfe takwas ya yi sallama a shago. Ya shimfiɗa dardumarsa, ya ajiye buta, ya zauna a benci yana fuskantar baƙin allo. Bai yi faɗa ba, bai yi zancen ba. In mutum ya shigo sai su gaisa, bai tambayi kowa rijiyar garinsu ba. La'asar ta yi ya naɗe darduma ya tafi. Haka ya yi Asabar da Lahadi. Da zagina ya yi a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin wata malamar lissafi ta kolej ta zo buga tambayoyin jarrabawa. Shekara uku tana zuwa shagona. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, gajeruwar gaisuwa gare ta, kuma ba ta taɓa barin kuskure ko ɗaya ya fita a takardarta ba. Na ce mata na'ura ba lafiya. Ta dubi allon, ta dubi akwatin a buɗe da disk biyu a kan tebur, ta ce me na yi mata. Ban san dalili ba, sai na faɗa mata duka, a gaban Kawu.

Ta tambaya ko bayan sharewar na zuba wani abu a ɗakin. Na ce a'a, wuta ta ɗauke kafin in danna.

Ta ce, “To wutar ta hi ka hankali.”

Ashe kafin ta shiga koyarwa ta yi shekaru tana kula da na'urorin wani ofis a Yamai. Ban sani ba domin ban taɓa tambaya ba. Ta ajiye jakarta, ta ce in ba ta farin ruwan goge kuskure. Ta rubuta “tsoho” a bayan disk ɗaya, “mai shago” a bayan ɗayan. Ta ce daga yau ba za su ƙara kwana cikin akwati ɗaya ba. Ta sa nawa shi kaɗai, ta tayar da na'urar da wani kile nata da ke cikin makullanta, ta buga ƴan kalmomi a wani baƙin allo. Ta ce ba abin da ya taɓa samun sistem ɗina. Ni ne na nuna wa na'urar ɗakin takardu na ce nan za ta tashi, ita kuwa kullum sai ta je ta ƙwanƙwasa can ta tarar ba kowa. Ta mayar da alamar kan ɗakin farko, ta kashe, ta kunna. Fuskar da na yi fiye da wata ban gani ba ta fito, ba ta nemi kalmar kowa ba.

Ta ƙara da cewa ranar farko, da na cire disk ɗin tsoho kawai ban taɓa komai ba, da shi ke nan. Na ce na gode. Ta ce in buga mata jarrabawarta.

Sai da aka gama ta juya wurin Kawu, ta rage murya. Ta ce masa irin sharewar da na yi, ta gaggawa, jerin sunaye kawai take gogewa, kayan suna nan kwance muddin ba a zuba wani abu a kansu ba. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma za ta tafi da disk ɗin gida ta gwada. Kawu ya dube ta ya dubi ƙarfen. Ya ce ta rubuta masa takarda cewa ta karɓa, da kwanan wata da sa hannu. Na ji kunya ta kama ni. Ita kuwa ta ciro biro ta rubuta, har ta ce haka ya kamata. Ta naɗe disk ɗin a ƙyalle ta sa a jaka tare da takardun ɗalibai.

Kwana huɗu ta yi. Ta dawo da shi tare da kile, ta ce wa Kawu ko yana so ko ba ya so yanzu littafinsa yana wuri biyu. Bai yi gardama ba. Sai dai abin da ya dawo ba jaka mai suna Rijiyoyi ba ce. Takardu ne ɗaruruwa a zube, ba suna, sai lambobi. A nan na gano cewa duk ranar da Kawu ya yi gyara, ba ya ajiyewa a kan tsohon, sabon kwafi yake yi. Tun ranar da ya samu na'urar yake haka.

Muka raba aiki. Kullum bayan la'asar in na sallami mutane, ni in buɗe takarda, shi ya karanta layin farko ya faɗi garin, ya karanta na ƙarshe ya faɗi ko tsohon kwafi ne ko sabo, ni in sa suna. Wani lokaci sai ya tsaya yana karanta abin da ya rubuta shekarun baya, ya ce ashe ya taɓa sanin wannan. Mun yi mako uku a haka. Rijiyoyin Kurfey suka dawo kusan duka, har da wadda yashi ya binne. Babin Tondikandia ne ya ƙi. Tsofaffin kwafinsa biyu sun dawo, gajeru, na farkon aiki. Cikakken kuwa in an buɗe, shafi uku ne na Faransanci, daga nan sai ƴan akwatuna da alamomi har ƙasa. Malamar ta duba ta ce wannan ya tafi.

Kawu ya jima yana gangarawa cikin alamomin, kamar zai tarar da wani a ƙasa. Sannan ya ce in nemi wanda zai tsare mini shago ko in rufe, domin Talata za mu Damana, babban garin Tondikandia.

Mun yi kwana shida. An yi ruwan farko, mutane suna gona suna shuka, sai mun jira yamma kafin mu sami dattawa. Muka shiga motar kasuwa zuwa Damana, daga nan amalanke, wani wurin kuma ƙafa. Kawu ya zo da igiyarsa ta aiki mai ƙulli-ƙulli da dutse a baki. Aikina shi ne in zura ta a rijiya har in ji dutsen ya taɓa ruwa, in ci gaba har ya taɓa ƙasa, in jawo ina ƙirga gaba da ƙarfi. Tafin hannuna ya saluɓe tun rana ta biyu. Shi yana zaune a inuwa da sabon littafin makaranta a gwiwa.

Biyu daga cikin tsofaffin da suka ba shi labari a karon farko sun rasu. Ya yi wa iyalansu gaisuwa, ya tambayi ƴaƴansu, abin da suka sani bai kai rabin na iyayen ba. A gari na biyun bai rubuta komai ba, ya rufe littafin ya ce mu tafi. Muka kama hanya, ni kuwa na san laifin wa ne.

A wani ƙauye kuma muka tarar da abin da bai samu ba a da. Wani tsoho manomi ya ce kakansa ne ya gina rijiyar garin. Wani tsohon makiyayi da ke shayar da dabbobi a wurin ya ce haka ne, amma kakansa shi ne ya nuna wurin, kuma shi ya yanka wa maginan sa. Suka yi ta musu cikin raha, da ji sun saba. Kawu ya rubuta duka biyun. A hanya ya ce wancan karon bakin manomin kaɗai ya ji, domin da rani ya zo, makiyayan sun yi kudu.

Ranar komawa, muna jiran mota a Damana, ya sayi tsire ya miƙo mini rabi. Ya dubi hannuna da na ɗaure da tsumma ya ce, “Igiya dai ka iya ta.” Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, daga ranar har yau.

Babin Tondikandia ni na buga shi, yana faɗa ina rubutawa, da yatsu goma. Bayan girbi littafin ya kammala. Muka buga kwafi goma sha biyu a shagona, muka ɗinke su da zoben roba. A shafin godiya ya yi wa malamar layi huɗu. Ni ya ce in rubuta, “da ɗan ƴar'uwata wanda ya buga.” Na tsaya ina jiran sauran jimlar. Ya ce in sa aya.

Kwafin farko ita aka kai wa, Kawu da kansa ya kai har kolej cikin babbar riga. Bayan mako ɗaya ta aiko da shi a hannun mai gadin makarantar. Ta bi shi shafi-shafi da jan biro. Ba ta taɓa labarin ko ɗaya ba, amma a inda ya mayar da gaba zuwa mita ta samu kuskuren lissafi a rijiya goma sha ɗaya, ta kewaye kowanne, ta rubuta daidai a gefe. Kawu ya zauna a benci ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir, yana motsa leɓe. Ya samu guda ɗaya inda ita ce ta yi kuskure. Ya sa hula ya tafi kolej ya nuna mata, ta yarda. Sauran goman muka gyara, na warware zoben roba na kwafi goma sha biyu, muka sauya shafukan.